Kwabon Tahniyat Begum

Shekara talatin da ɗaya Mir Shujaat Ali ya yi yana neman ɗan'uwan kwabo guda. Ba na zinariya ba ne, ba na azurfa ba. Cawanni ne kawai, paisa ashirin da biyar, irin wanda a da in ka miƙa wa mai ɗinkin takalmi sai ya bi ka da harara. A tsohon birnin Hyderabad na ƙasar Indiya duk mai harkar tsofaffin kuɗi ya san da wannan nema nasa, kuma yawancinsu dariya suke yi masa a bayan ido.

Matarsa ce ta tsinto na farkon. Wata safiya a 1988 Tahniyat Begum ta dawo daga cefane, ta kwance bakin mayafinta ta zube canjin da mai alayyafo ya ba ta a kan tire. Mace ce mai aikin zare, ta saba da ƙirga ɗinkin da wani ko ganinsa ba ya yi. Ta ɗauki ɗaya ta kai bakin taga.

"Abban Nuzhat, zo ka gani," in ji ta, don ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wannan shidan wutsiya biyu gare ta."

Ya ɗauko ɗan gilashinsa na dubawa ya kafa a idon dama. Shekarar da ke jikin kwabon 1986 ce, kuma takwas ɗin da shidan kowacce ta fito sau biyu, ɗaya na leƙowa daga bayan ɗaya. Sai da ya nemi wuri ya zauna.

To, wanda bai san harkar ba zai ce mene ne abin zama a nan. Ninki iri biyu ne. Akwai zamewar inji: lokacin da ake buga kwabo ya ɗan motsa, sai gefen lamba ya kwanta ya baje kamar an taka shi. Wannan shara ce, buhu-buhu ake samunta. Akwai kuma ninkin hatimi. Shi hatimin ƙarfen da ake buga kuɗin da shi, sau biyu ake danna masa zanen tun wajen ƙera shi. In dannawa ta biyu ta kauce da ƙwayar gashi, sai lamba ta zauna biyu a jikin hatimin kansa, kowacce a cike, kowacce da tudunta, bakinsu a tsage. Duk kwabon da wannan hatimi ya buga haka zai fito, ba bambanci. Irin wannan ne mutum yake tsufa bai riƙe ko ɗaya ba.

Ranar Lahadi ya kai shi shagon shayin da 'yan ƙungiyar masu tara tsofaffin kuɗi ke haɗuwa, can teburin ƙurya kusa da inda ake jera biskit. Ghouse Mohiuddin ne sakatare, shi ne mai rubuta littafin da ƙungiyar ke fitarwa, inda ake sa kowane sabon ninki da sunan wanda ya fara gano shi. Tare suka yi makaranta da Shujaat, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Ghouse ya duba kwabon ya daɗe yana dubawa, sannan ya turo shi da ɗan yatsa.

"Zamewar inji ce."

"Haba Ghouse, dubi bakin shidan mana!"

"Na duba. Ka gaida Bhabhi, matar taka, ka ce mata ta riƙe allurarta, mu ta bar mana ƙarfe."

Aka kwashe da dariya. Shujaat ya miƙe har kofin shayinsa ya kife. Ghouse ya ɗaga hannu ya ce a gaban kowa, in dai hatimi ne to ba kwabo ɗaya ya buga ba, dubbai ya buga. A kawo na biyu. Ranar da aka kawo, shi da hannunsa zai rubuta shi a littafi da sunan Bhabhi. Maganar gaskiya sharaɗin ba shi da aibu a ƙa'ida, abin da ya fi ƙona wa Shujaat rai ke nan.

Daga ranar aka shiga. Kullum in ya taso daga gidan waya inda yake aiki, sai ya bi ta wajen masu shayi da 'yan kwandastan bas yana musanya cawanni. Bayan an daina karɓar cawanni a kasuwa, sai ya koma saye da kilo wurin 'yan gwangwan. Tahniyat ce ke ware masa na 1986 a kan tabarma bayan azahar, tana yi tana mita.

"Ranar da na haifa maka Nuzhat ba ka yi rawar jikin da kake yi wa ƙarfen nan ba."

"Sunanki nake nema a sa a littafi."

"Ni da ban iya karanta Turancinku ba? Ka ga, ɗauke ƙafarka, ka taka na tamanin da shida."

Tana faɗin haka, amma ita ce ta ɗinka wa kwabon 'yar jaka ta koren karan-miski, kuma in baƙuwa ta zo sai ta san yadda ta karkato hira ta kai ga mai alayyafo. Abin yana ranta, wannan ko tantama babu. Shekara huɗu da suka wuce, a ciwon da ba ta tashi ba, ya shigo da ruwa ya tarar tana kallon jakar a saman kantar ɗaki.

"Ɗan'uwan nasa bai zo ba har yanzu?"

"Yana hanya."

"To in ya zo, ka ce wa Ghouse ya rubuta da manyan haruffa. Ya yi mini dariya a gaban maza."

Kwana tara bayan nan aka kai ta. Allah ya jiƙan ta. Shi kuma ya ci gaba, shi kaɗai yake warewa yanzu, shi kaɗai yake dubawa, a bakin tagar nan da hantsi, lokacin da haske ya fi kyau. Shekarunsa saba'in da uku, ga ciwon suga. Idon hagu tuni ya yi rauni, amma bai damu ba, da na dama yake aiki, kuma a faɗarsa duk Hyderabad babu irin idonsa na dama.

Nuzhat, 'yarsa tilo, ta dawo gidan da mijinta don kula da shi. Ita ce ta fara tsarguwa.

"Abba, mu je a duba maka ido."

"Idona lafiya lau."

"Jiya ka ce jarida ta lalace."

"To ba ta lalace ba? 'Yan buga jaridar yanzu ba su san aiki ba, kowane layi da inuwarsa. Tawada ce suke tsinkawa da ruwa."

"Ni na karanta ta tas."

"Ke ba ki da ido ne. Uwarki ce mai ido."

Ta ƙyale shi. In ya kawo maganar uwarta ba ta ja da shi.

Wata Talata da hantsi ya buɗe sabon buhu, kilo uku daga wani ɗan gwangwan. Ya ware na shekarar, ya fara dubawa ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe kowanne ta gefe da yatsu biyu, don fuskar kwabo ba a taɓa ta. Na goma sha wani abu, sai ya tsaya. Takwas ɗin biyu ce. Shidan ma biyu, ta biyun na leƙowa ta ƙasa wajen dama.

Ya ajiye gilashin ya goge shi da bakin riga, ya sake kafawa. Tana nan. Ya buɗe baki zai kira matarsa, ya ce "Ke, zo ki..." sannan ya tuna, ya zauna ya yi kuka sosai, irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza.

Da ya natsu ya ci gaba da buhun, sai ga wani. Kafin azahar ya samu huɗu. Washegari ya samu biyar, ranar Alhamis biyu. Ya kamata wannan ya tsayar da shi, mutumin da ya shekara talatin bai ga ko ɗaya ba. Amma ya samo wa kansa dalili: ai buhun daga asusun mutum ɗaya ya fito, wani da ya karɓo ƙunshi guda daga banki ya ajiye. Ba abin da ba ya faruwa ba ne. Kuma in dai mutum yana so, dalili ba ya yi masa wuya.

Ranar Asabar ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya zaro kwabon Tahniyat daga jakarsa, ya sa shi cikin sha ɗayan nan, ya cakuɗa su da hannu, ya jera su a ƙaramin tire mai shimfiɗar ƙyalle. Dabara ce yake ganin ya yi. 'Ya'yan hatimi ɗaya ba a bambance su. Zai ajiye tiren gaban Ghouse ya ce ya fitar da na Bhabhi in ya isa, in ya kasa kuwa ya faɗi da bakinsa.

Ranar Lahadi ya sa farar sherwaninsa, doguwar rigarsa ta Idi. Nuzhat ta tare shi a ƙofa ta gyara masa maɓalli, don ya saka na biyu a ramin na uku.

"Abba, in raka ka?"

"Yaƙi zan je? Dafa shinkafar biryani dai. Yau sunan uwarki zai shiga littafi."

Shagon yana nan yadda yake, sai dai teburin ƙurya ya rage mutane. Daga cikin waɗanda suka yi dariya a wancan lokaci saura uku. Ghouse ya zama tsoho mai sanda, gemu jawur da lalle, har yanzu shi ne sakatare don babu wanda ya isa ya karɓe littafin daga hannunsa.

"Ah, ango!" in ji Ghouse da ya hango sherwanin. "Wace bazawara ce Allah ya jarrabta?"

"Kai dai gyara gilashinka, tsohon banza. Yau za ka ci maganarka ba shayi."

Ya ture faranti da kofuna, ya ajiye tiren, ya yaye ƙyallen.

"Ka ce in kawo na biyu. Ga sha biyu. Na Bhabhinka yana ciki. Fitar da shi."

Sauran suka matso da kujeru. Ghouse ya goge hannu, ya ɗauki na farko ya kai ido. Ya ajiye. Ya ɗauki na biyu, na uku. Shujaat ya harɗe hannu yana murmushi, har da yi wa mai shago alama ya kawo wa kowa shayi a kansa. A na bakwai Ghouse ya ɗan jima. Ya ajiye shi inda ya ɗauko, ya ƙarasa sauran. Da ya gama bai ɗago ba. Ya miƙa wa Narsing Rao gilashin, wani tsohon malamin makaranta da ke gefensa. Shi ma ya duba uku ko huɗu, ya kalli Ghouse, ya sunkuyar da kai.

"To?" in ji Shujaat. "Bakin ya mutu ne?"

"Shujaat bhai," in ji Ghouse. Tun suna yara bai taɓa haɗa masa da bhai, wato ɗan'uwa, ba. "Ɗauki wannan na farkon ka duba."

"Na duba shi sau ɗari."

"Sake dubawa. Ta ina ninkin ya leƙo?"

Shujaat ya kafa gilashinsa. "Ta ƙasa, wajen dama. Makaho ma ya gani."

"To juya shi. Kan lambar ya koma ƙasa."

Wannan ai shi Shujaat ne ya koya wa rabin mutanen ƙungiyar. In kana shakka, juya kwabon. Abin da ke jikin ƙarfe tare da ƙarfen yake juyawa. Abin da ya tsaya wuri ɗaya ba a jikin kwabon yake ba, haske ne ko gilashi. Kwana biyar bai juya ko ɗaya ba, don bai yi shakka ba.

Ya juya shi a hankali tsakanin yatsu biyu. Shidan ta kife. Inuwarta ba ta bi ta ba, tana nan ta ƙasa wajen dama. Ya sake juyawa rabi. Tana nan dai.

"Gilashin ne," ya ce.

Ghouse ya miƙa masa nasa. Ya duba da shi. Duk ɗaya. Ya ajiye gilashin, ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya kalli allon farashin da ke jikin bango. Kowane harafi da ɗan'uwansa maƙale a ƙasa wajen dama, kamar jaridar nan da ya yi ta zagin masu buga ta.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya faɗa a hankali.

Mai shago ya iso da shayin, ya ga fuskoki, ya ajiye ya koma. Babu wanda ya taɓa kofi. Kunyar ma ba ita ce ta fi damun Shujaat ba. Idon ne. Ba shi da wani, kuma da shi kaɗai yake nema. Ya gane a nan take cewa neman ya ƙare, buhunan da ke jingine a ɗaki sun zama ƙarfe kawai.

Can sai wani abu ya faɗo masa, ya zabura ya jawo tiren. Ya ɗauki wannan, ya ɗauki wancan. Duk biyu-biyu suke. Sha biyun nan babu wanda ya bambanta da wani a idonsa.

"Wanne ne nata?" ya ce. "Ghouse, na cakuɗa su. Wanne ne nata? Wallahi ban sani ba. Shekara talatin yana jakarsa, ni da hannuna na..."

Ghouse ya sa yatsu biyu ya ɗauko na bakwai, bai ko kai shi ido ba. Ya kamo hannun Shujaat ya buɗe, ya ɗora masa.

"Ga shi."

"Ya aka yi ka sani? Kada ka yi mini ƙarya don ka ga na tsufa."

"Sauran sha ɗayan babu komai a jikinsu. Ko zamewar inji babu. Wannan kaɗai ne." Ya nuna na hannun Shujaat. "Takwas biyu, shida biyu, kowacce da tudunta. Bakin shidan a tsage."

Narsing Rao ya karɓa ya duba, ya juya shi, ya sake juyawa. "Hatimi ne," ya ce. "Wannan ko yaro ba zai yi musu ba. Ghouse sahab, wannan ne kuka ce zamewa ce?"

Shujaat ya ɗago yana kallon inda fuskar Ghouse take.

"Ka ce tudu. Da bakinka ka ce tudu."

"Na ce."

"Yau ka gani?"

Ghouse ya daɗe yana murza kan sandarsa. "Tun ranar na gani," ya ce. "Tun dubawar farko. Watan da ya gabata na rubuta a littafi cewa babu ninkin hatimi a cawannin shekarun nan, an buga, an raba. Sai ga shi ka shigo da shi, wai Bhabhi ta samo a canjin alayyafo. Na ji kunya, Shujaat. Na ce a raina sati biyu za ka yi ka samo na biyu, sai in rubuta, kowa ya huta. Ban san ba zai zo ba. Da shekara ta yi shekaru kuma sai na kasa. Ranar jana'izarta na zo da niyyar faɗa maka, na ga yadda kake, na koma."

Shujaat ya so ya yi fushi. Ya nemi fushin a cikinsa, shekara talatin da ɗaya yana tara shi, amma bai samu ba. Gajiya kawai ya ji, da kewar matarsa.

Ghouse ya jawo jakarsa ya fito da littafin ƙungiya, ya buɗe shafin ƙarshe, ya cire murfin alƙalami.

"Yanzu zan rubuta. Ba sai da na biyu ba. Ga shaidu."

"Da manyan haruffa," in ji Shujaat. "Haka ta ce in faɗa maka. Ta ce ka yi mata dariya a gaban maza."

Alƙalamin ya tsaya. Sannan Ghouse ya rubuta, a hankali, hawaye na bin gemunsa. Ya juyo da littafin ya turo gabansa. Shujaat ya sunkuya. Ya ga layi baƙi mai kauri, haruffa na hawa kan juna, bai iya fitar da ko ɗaya ba.

"Karanta mini."

"Tahniyat Begum, 1988."

Ya gyaɗa kai. Ya karɓi kwabon daga hannun Narsing Rao ya kai gilashi, ko zai ga wutsiya biyun nan da ta nuna masa a bakin taga. Ninkin ƙarfe da na ido suka haɗu suka dame, babu abin da ya fito sai hazo. Ya ajiye gilashin a kan tebur.

Sai ya yi abin da ya sha dukan hannun mutane a kansa. Ya ɗora babban yatsansa a kan fuskar kwabon, daidai kan shekarar, ya shafa. Narsing Rao ya buɗe baki, Ghouse ya riƙe masa hannu. Shujaat ya rufe ido ya sake shafawa, ya danna, ya bi takwas ɗin ya bi shidan da fatar yatsa. Abin ya yi ƙanƙanta da yawa. Bai ji komai ba.

Ya laluba aljihu ya fito da 'yar koriyar jakar, ya sa kwabon, ya ja zaren.

"Ghouse," ya ce, "kira mini Nuzhat ta zo ta tafi da ni. Ka ce mata kada ta ɗora shinkafar tukuna."